Ɗigon da Ba a Yafe Ba

Rana ta yi ja ta faɗa bayan mangwarorin unguwar Azuba, amma zafin da ta wuni tana zubawa bai bi ta ba. Yana nan kwance a kan kwanon gidaje, yana tasowa daga siminti, har kaji sun saki fukafukai a gindin katanga suna haki. A gidan Malam Ashemi, matarsa Yagana tana kwashe tuwo a madafa, 'yarsu Kamila kuma ta ɗauki buta ta nufi famfon tsakar gida don ta yi alwala kafin a kira magariba. Ta murɗa. Famfon ya yi tari, ya yi huci kamar tsohon da ya hau tudu, ya tofo ɗan abin da ya rage a bakinsa, ya yi shiru.

"Mama, tanki ya sake ƙarewa."

Yagana ta ji mashin ɗin maigidan ya tsaya a ƙofa, ta kuma san abin da zai biyo baya. Da safen nan aka kawo wuta, shi da kansa ya kunna injin rijiya, ya tsaya har tanki ya cika ya tumbatsa. Su uku ne kawai a gidan. Ko wanki ba a yi ba ranar.

Malam Ashemi ma'aikaci ne a sakatariya, jikan Barebarin da suka daɗe a garin Lafia. Ba mugu ba ne, ba ya fashin jam'i, sai dai mutum ne da ba ya ƙaunar a mayar da shi wawa. Tun shigowar bazara tankin nan yake yi masa haka, zuciyarsa kuwa ta riga ta zaɓi wadda za ta zarga: Ursula, maƙwabciyarsu 'yar Tibi da suke haɗe da katanga, wadda take jiƙa rogo a manyan robobi tana yin akpu, tuwon rogo, na sayarwa.

"Baban Kamila," in ji Yagana a hankali, "matar nan ba ta taɓa ɗaukar mana ko tsinke ba. In tana son ruwa, sallama take yi ta roƙa."

"Rogon nata da yawu take jiƙa shi?"

Ya tsaya a tsakiyar gida, hularsa a hannu. Daidai lokacin ladanin unguwa ya ɗaga murya, shi ma ya ɗaga tasa yadda za ta tsallake katanga.

"Duk wanda yake shan ruwan gidan nan ba da sanina ba, ko ɗigo ɗaya ne, ban yafe ba! Duniya da lahira ban yafe ba!"

"Subhanallahi. Magariba ce fa."

Bai saurare ta ba, ya ɗauki buta ya tafi masallaci ya yi alwala a can. Yagana ta tsaya da mara a hannu. Wani abu ya canza a gidan, ta daɗe tana laluben ko mene ne kafin ta gane. A bayan banɗaki akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga, wurin da ƙasa ba ta bushewa ko a tsakiyar rani. Can ɗoɗɗoyarta take, can wata gwanda ta tsiro da kanta har tana 'ya'ya, can kuma kwaɗi da gyare suke kuka kowace yamma tun ranar da suka tare a gidan. Yau sun yi tsit. Gaba ɗayansu, lokaci guda, kamar an rufe musu baki da tafin hannu.

Washegari Yagana ta lallaɓa maigidan har ya yarda a kira mai gyaran famfo. Tersoo sunansa, gajere mai yawan dariya, ya zo da buhun kayan aiki ɗaure a bayan mashin.

"Oga, ka kwantar da hankali," ya ce. "Ruwa ba shi da ƙafa, amma ya san hanya. Za mu bi shi."

Ya sa aka cika tanki, ya hau tsani ya zura doguwar sanda a ciki, ya yi mata zane da gawayi daidai inda ruwa ya jiƙa. Ya ce kada kowa ya taɓa famfo. Ya shiga banɗaki ya ɗiga bulun wanki a tankin masai, ya tsuguna yana jira ya ga ko shuɗin zai gangaro cikin kwano ba tare da an ja ba. Bai gangaro ba. A kicin ya tarar da famfo yana ɗan ɗiga, ya kwance kansa, ya zaro robar da ta cinye ya nuna wa Yagana, ya sa sabuwa, ya naɗa farin tef a zaren ƙarfen ya ɗaure.

"Wannan ƙaramin ɓarawo ne, Hajiya. Ba shi zai shanye tanki ba."

Da ya koma ya zura sandar, ruwa ya riga ya sauka ƙasa da zanen gawayi. Sai ya bi makullan bututu yana rufe su ɗaya bayan ɗaya, yana komawa ga sandarsa, har ya gano layin da yake jan ruwan. Ya ɗora bakin sukundireba a kan bututun, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Haka ya riƙa matsawa yana saurare, bango bayan bango, har sauraren ya kai shi lungun nan na bayan banɗaki. Ya dubi gansakukar da ta hau gindin bango, ya dubi gwandar, ya yi dariya.

"Hajiya, gonarki ne ɓarawon."

Ya haƙa. Bai yi nisa ba ruwa ya taso a ramin, garau, mai sanyi, ƙasar tana ƙanshin ruwan fari. A ƙasan ramin gwiwar bututu ce ta tsage, tsohuwar tsagewa, wataƙila tun shebur ɗin magina, bana ta ƙara buɗewa. Tersoo ya yanke ta, ya goge bakin bututun, ya shafa gam, ya zura sabuwa ya riƙe har ta kama. Yana cikin mayar da ƙasa ya tsaya yana shafa damtsensa.

"Wurin nan yana da sanyi kamar firij," ya ce, dariyar ta ragu a fuskarsa. "Kuma ka ga ƙasa a nan gefe, ya yi sumul. Kamar inda mutum yana durƙusa kullum."

Malam Ashemi bai kula ba, murna yake an kama ɓarawo. Ya sallami Tersoo har da na shan ruwa. Bai leƙa gidan Ursula ba, bai kuma tuna da maganar da ya yi jiya ba. A wurinsa fushi ne, ya zo ya wuce.

Lungun ya fara bushewa. Gansakuka ta yi fari ta ɓare, ɗoɗɗoya ta sunkuyar da kai, gwanda ta zubar da furenta. Tanki kuwa ya zauna cike, maigida yana ƙwanƙwasa shi da yatsa kowace safiya yana jin daɗin amonsa.

Sai wata yamma, rana tana gab da faɗuwa, Yagana ta ji ɗigo. Ɗis. Shiru. Ɗis. Ta duba kicin, a bushe. Ta duba banɗaki, a bushe. In ta tsaya a tsakar gida sai ta ji shi a ɗaki, in ta shiga ɗaki sai ya koma bayanta. Kamila ma ta ji. Maigidan da ya dawo shi ma ya ji, ya ce aikin banza Tersoo ya yi, a kira shi.

Tersoo ya dawo da yamma don ya ji da kunnensa. Ya zura sanda, ya jira, ruwa bai motsa daga zane ba. Ya shafa kowace mahaɗa, babu danshi. Da ɗigon ya fara, ya je lungu ya ɗora sukundireba a bututu ya kafa kunne. Yagana tana kallonsa. Ta ga fuskarsa ta saki, ta ga ya janye kunnen a hankali kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗunsa, alamar gicciye irin ta Kirista.

"Me ka ji?" in ji Malam Ashemi.

"Oga, abeg. Ba ruwa ba ne a ciki. Mutum ne yana haɗiye yawu." Ya tattara kayansa. "Wannan ba aikin falamba ba ne."

Har ya tafi bai lura ya bar sifanarsa a ƙasa ba, bai kuma dawo ɗauka ba.

Daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwa ta cika tsakar gida sai jifa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya, sannan ɗaya, ba gaggawa. Da safe in an duba, ba duwatsu ba ne, ɓaraguzan busasshiyar laka ne masu tsagu, irin na ƙasan tafkin da ya ƙafe. Wani lokaci a ji kuka siriri daga lungu, kamar na yara da suka gaji da kuka muryarsu ta dushe. Yagana ta riƙa rufe ƙofofi da bisimilla, tana kunna karatun Baƙara a waya, tana tofa Falaƙi da Nasi a kusurwoyi. Jifar takan tsaya in ana karatu, kamar mai jifan ma saurare yake. In an shafa sai ta ci gaba.

Ranar da abin ya faɗa kan Kamila, miya ce ta rasa ƙanshi. Yarinya ce mai hankali, tana ajin ƙarshe na sakandare, ba ta jiran a aike ta. Ta tashi ta shiga lungun ta tsinko ɗan ganyen ɗoɗɗoyar da ya rage. Yagana ta juyo ba ta gan ta ba, ta ga kuma rana ta faɗi. Ta ƙwala mata kira. Kamila ta fito a hankali, tana ɗingisa kamar tsohuwa, hannunta wayam.

"Ƙishirwa," ta ce.

Uwar ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata. Kamila ta karɓi kofin da hannu biyu, ta kai shi har leɓe, sai hannuwan suka tsaya. Ta daɗe tana kallon cikin ruwan, hawaye na zubo mata.

"Ba a yafe ba," ta ce, ta ajiye kofin a ƙasa ba tare da ta zubar da ko kaɗan ba.

Babu abin da ba a gwada ba. Aka sayo fiya wata mai sanyi, aka dama kunu, aka matse lemu. Ursula, wadda tun ranar da maigidan ya ce bai yafe ba ba ta ƙara tako gidan ba, ta ji kukan Yagana ta shigo da ruwan gidanta a kwano, ta tallafi kan yarinyar tana cewa, "Sha, 'yata, wannan nawa ne, ba na kowa ba." Kamila tana so, ana ganin maƙogwaronta yana motsi, amma da ruwan ya taɓa harshenta sai wuyan ya ƙulle, ya dawo ta gefen baki. Leɓunanta suka tsattsage. Idanunta suka faɗa. Ta daina zufa a cikin zafin da kowa yake jiƙewa.

Suka kai ta asibiti. Nas ta sami jijiya ba wuya, ta rataya ledar ƙarin ruwa, ta buɗe. Ɗigon ya taru a bakin 'yar kwalbar, ya yi nauyi, ya ƙi faɗowa. Aka canza robar, aka canza hannu, aka kawo wata leda. Likita ya zo da kansa ya matsa, ya ɗaga, ya sauke. Ledar da aka rataya da hantsi tana nan cike har azahar. Yagana ta zauna a bakin gado tana jiƙa tsumma tana goga wa 'yarta a leɓe, ba ta da sauran abin yi sai wannan da ambaton Allah. Malam Ashemi yana tsaye a baranda ya dafa ƙarfe.

Ursula ce ta ja Yagana gefe. Ta ce matar da take kawo mata nono daga garin Ashige, mijinta malami ne, tsoho, Malam Hamman, kuma tun kafin a yanka filayen Azuba danginsa suke kiwo a nan. "Ni ban san abin ku ba," ta ce, "amma wannan ciwo ba na allura ba ne. Ku kira shi."

Likita bai so ba, amma ya sallame su. Suka dawo da Kamila gida bayan la'asar, suka shimfiɗa mata tabarma a baranda. Ba a daɗe ba Malam Hamman ya iso a bayan mashin, dogo, siriri, da malafa da sanda. Ya yi sallama, amma bai zauna ba. Ya tsaya yana duban tudu da gangaren unguwar ta saman katanga, ya taka har bakin lungun, ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya murza.

"Nan mashaya ce da," ya ce. "Idon ruwa ne, ba ya ƙafewa. Ina yaro nan muke kawo maruƙa. Da aka zo gini aka cike shi da jar ƙasa."

Ya yi alwala, ya zauna a gefen kan yarinyar, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba, bai riƙe bulala ba, bai ƙona komai ba. Karatu kawai, a hankali, aya na bin aya, inuwar katanga tana tsawo tana rufe tsakar gida. Ɗigon ya fara. Ɗis. Ɗis. Yatsun ƙafar Kamila suka lanƙwashe. Sai ta tashi zaune, ita da tun safe ba ta iya ɗaga kai, ta tanƙwashe ƙafafu, ta ja mayafi ta rufe kanta irin na tsofaffin mata. Muryar da ta fito daga bakinta a bushe take, tana karce kamar ana jan ƙwarya a kan yashi.

"Wa alaikumus salam. Hamman, kai ne? Ka tsufa. Na san ka kana tsoma baki a ruwa tare da maruƙanku."

Yagana ta damƙe hannun Ursula.

"Baiwar Allah," in ji Malam, "Musulma ce ke?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita ce ta shigo, ni kuwa na gaji da jifa ba a gane ba."

"Kin san zalunci ne."

"Na sani." Aka ji haɗiyar nan mai wuya. "Sun binne mana ido, muka yi haƙuri. Allah Ya tsaga mana bututu, muka ce alhamdulillahi, muka rayu a kan ɗigo, ni da jikokina. Ba mu taɓa shiga musu ɗaki ba. Yanzu a fasa shi, a mayar mana yadda yake."

"Ba za a fasa ba. Ɓarna ce, kuma ruwan yana cin gindin gininsu."

"To a bar mini yarinyar in zauna a jikinta. Jikin mutum akwai danshi."

"Kin shanye danshin. Dube ta. In ta mutu a hannunki, me za ki ce ranar tsayuwa?"

Kan Kamila ya sunkuya. Da muryar ta dawo, kuka ne a cikinta, sai dai babu hawayen yin sa.

"Ranar nan ce ta hana ni sukuni, Hamman. Ƙishirwa da sauƙi, da ita kaɗai ce da mun yi ƙaura. Amma ina za ni da hakkin mutum a cikina? Maigidan nan ya ce bai yafe ba. Na rantse ba zan ƙara kai ruwa bakina ba sai ya janye."

Malam ya juya ya dubi maigidan. Malam Ashemi ya buɗe hannuwa, fuskarsa cike da ruɗewa ta gaskiya.

"Ni? Yaushe? Me na ce?"

Yagana ce ta maimaita masa, kanta a ƙasa, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa a magaribar nan. Ursula ta kawar da kai.

"Na yafe!" ya ce da sauri. "Wallahi na yafe, ki sake ta, na yafe!"

Idanun Kamila suka ɗago suka tsaya a kansa, idanun da ba nata ba.

"Wannan don 'yarka ka faɗa. An shaƙe ka ne. Wancan kuwa daga cikinka ya fito, har da duniya da lahira. Bai goge ba. Ina jin nauyinsa yadda yake."

"Malam, ka yi wani abu!" in ji maigidan.

Malam Hamman ya girgiza kai a hankali. "Zan iya karatu har in ƙona ta, ita ma ta sani. Amma yarinyar ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki wannan. Abin da ya rage yana cikin ƙirjinka, ni kuwa hannuna ba ya kaiwa can."

Duhu ya fara taruwa a kusurwoyi. Malam Ashemi ya durƙusa a gaban 'yarsa, bakinsa yana motsi, ya rasa yadda mutum yake faɗin magana ba don tsoro ba alhali tsoro ya cika shi. Numfashin Kamila ya koma gajere, kafaɗunta suna ɗagawa da ƙyar.

"Da ruwanka nake alwala," in ji muryar, yanzu ƙasa ƙasa, kamar mai yi wa kanta magana. "Duk shekarun nan. Asuba, azahar, la'asar. In ruwan haram ne, ina sallolina? Kai mai zuwa jam'i ne, ka gaya mini."

Muryar ta ci gaba.

"Kuma ba ni kaɗai na sha ba. Kwaɗi sun sha. Tsuntsaye sun sha. Kajin matar nan da ka zarga sun sha ta ƙarƙashin katanga, ita ba ta sani ba. Gwanda ta sha, ka ci gwandar. Ɗoɗɗoya ta sha, aka sa a miya." Hannun Kamila ya ɗago ya dafa ƙirjinta. "Wannan ma ta sha, tun tana ƙarama, ba da saninka ba. Ka ce duk wanda. Ba ka cire kowa ba. Kana zaton ni kaɗai na ƙulle mata wuya?"

Wani sauti ya fito daga bakin Malam Ashemi wanda Yagana ba ta taɓa ji ba tun aurensu. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya taka zuwa tsakiyar gida, daidai inda ya tsaya ranar. Ladani ya ɗaga murya. Ya tsaya har aka gama kiran, yana amsawa, hawaye yana bin gemunsa. Sannan ya yi magana, muryar tana karyewa, amma ta tsallake katanga kamar yadda ta farko ta tsallake.

"Ruwan nan ba ni na halicce shi ba. Duk wanda ya sha, mutum ko aljan, dabba ko tsiro, wanda na sani da wanda ban sani ba, na da da na gobe, halal ne, na yafe duniya da lahira. Ni ne nake neman a yafe mini." Ya juyo. "Maman akpu, na zarge ki a banza. Ki yafe mini."

Ursula ta share ido da bakin zaninta. "Ya wuce, Oga. Tun tuni ya wuce. Ka duba yarinya."

Kamila ta saki dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka kamar an ɗauke mata kaya.

"Ya sauka," in ji muryar. "Alhamdulillahi. Ya sauka."

"Saura naki," in ji Malam Hamman. "Ba za a yanka miki komai ba, ba za a ajiye miki ƙwarya da sunanki ba, wannan ba addini ba ne. Amma maigida zai fitar da famfo waje, jikin katanga, sadaka saboda Allah, ga duk mai ƙishirwa. In kin sha, kin sha cikin bayin Allah. Ke kuma ki fita daga jikinta, ki fita daga gidan, ba ke ba jikokinki. Kin ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka. Allah ne shaida." Sai ta ƙara da cewa, "Ku gaya wa yarinyar ta yafe mini. Ni na san ƙishirwa, bai kamata in ɗora wa wani ba."

Kamila ta yi atishawa, ta sake, jikinta ya saki ta sulale a cinyar uwarta. Ɗigon ya tsaya. Can daga lungu, gyare ɗaya ya gwada murya.

"Mama," ta ce, da muryarta ta gaskiya, siririya. "Ruwa."

Yagana ta kai kofin bakinta da bisimilla. Ta ji kurɓar farko ta wuce. Malam ya ce a ba ta kaɗan kaɗan, a kuma mayar da ita asibiti yanzu, don jikin yana da nasa hakkin. A can aka sake rataya leda, Yagana ta zauna ta kafa wa 'yar kwalbar ido. Ɗigon ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo. Wani ya biyo shi. Ta kasa daina kallo har ledar ta ƙare.

Da ƙyar aka shawo kan Tersoo ya dawo, shi ma da sharaɗin da rana tsaka zai yi aikin kuma ba zai shiga lungu ba. Ya ja bututu ta gaba ya huda katanga, ya kafa famfo a waje, ya yi masa ɗan gurbi na siminti a ƙasa. Masu acaɓa suna tsayawa su wanke fuska, matan Fulani masu tallan nono suna cika goruna, awaki suna lasar gurbin. Sai dai famfon yana ɗiga. Da rana lafiya lau yake, amma da rana ta faɗi sai ya fara, ɗis, ɗis, har a idar da salla. Tersoo ya canza roba, ya canza kan gaba ɗaya, bai daina ba. Da ya zo zai kwance shi karo na gaba, Malam Ashemi ya riƙe masa hannu ya ce ya bar shi haka. Sandar awon tanki ma ya cire ta daga inda take jingine, Yagana ta sa ta a murhu.

Kamila ta warke, ta koma makaranta, ba ta tuna komai na kwanakin nan. Abu ɗaya ne ya zauna mata, har yau bai tafi ba. Duk gidan da ta je aka miƙo mata ruwa, ko gidan 'yan uwa ne, ko nasu, ko daga hannun mahaifinta, sai ta riƙe kofin da hannu biyu ta tsaya, ta ɗago ido ta tambaya a hankali:

"An yafe?"

Sai an amsa mata take sha.